Yaƙin Buta a Gandun Daji

Da sunan Allah muka fara. Wannan tarihin Malam Haladu ne, ɗan Mudi, jikan Barau mai jima, sadaukin da ko ɓera ya shiga ɗaki sai ya kira matarsa Tabawa. Namijin duniya, garkuwar iyali, dodon kwanon tuwo!

Ranar Asabar ya kwashi rundunarsa, mace ɗaya da 'ya'ya biyar, zuwa gandun daji kallon namun dawa. Suka ga ɓauna, suka ga gwanki, giwa kuwa kashinta kawai suka gani, suka ce alhamdulillahi. Mai gadin daji ya yi musu kashedi: in gwaggon biri ya ɗauki abu kada a bi shi, in ba na ci ba ne da kansa zai yar.

La'asar ta yi, har rana ta fara ja. Malam ya aje butarsa a gindin tsamiya yana naɗe hannun riga. Butar nan ta gado ce, shekara ashirin bai yi alwala da wata ba. Sai ga la'ananne, shugaban maɓarnata, mai jan gindi, ya sure ta ya yi gaba.

"Allahu Akbar! Yau ko ni ko kai!"

"Malam, bari, zai yar!" in ji Tabawa. "Ga ruwa can a rafi, lokaci na tafiya!"

Ina! Mujahidi ya riga ya zare takalmi ɗaya, ya keta sansanin ƙarangiya, ya ratsa ƙarƙashin giginya da marke, ya tarwatsa bataliyar zabi, ya yi arba da mugun dawa, aladen daji, suka kalli juna kowa ya canza hanya, ƙaya ta karɓe hularsa ganima, ƙaiƙayi ya yi masa mubaya'a tun daga wuya har ƙwauri, bai waiwaya ba. Birin kuwa da ya ga ana binsa, sai ya ɗauka abin daɗi ne a ciki, ya haye kanya ya zauna yana gatsa.

Da ya tabbata roba ce, ya jefo ta a tsakiyar kan Malam.

Gwarzo ya dawo da ɗingishi, buta a sama kamar tuta, ya tarar an yi alwala a rafi, an yi salla, har an cinye dambu. Ya cika ta da ruwa, ta tsiyaye ta huda huɗu a kan ƙafarsa.

Tabawa ta miƙo masa tsohon gwangwanin madara cike da ruwan alwala. "Ungo, Sarkin Yaƙi. Magariba ta yi, sai ka haɗa da ramuwa."