Kulocin da Tanimu Ya Zaɓa Don Matarsa

Wani mutum ne a Jos, Tanimu mai takalma, wanda in ya fara zancen tuƙi a majalisa sai shayin kowa ya huce. A cewarsa ya taɓa saukowa da tirela daga Hawan Kibo birki ya tsinke, da giya kawai ya riƙe ta, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana ɓare gyaɗa. Gaskiyar magana kuwa, bai taɓa tuƙa komai ba sai 'yar motarsa atomatik, mai feda biyu, wannan tafi, wannan tsaya.

Damuwarsa ɗaya ce, matarsa Rakiya. Shi ya koya mata tuƙi, da yamma ɗaya ta iya, har ya yi ta yawo da labarin cewa hannunsa ke da albarka. To, tun daga ranar mota ta zama tata. Yau suna a Bukuru, gobe biki a Unguwar Rogo, jibi dubiya. Maigida kuwa yana bakin titi yana ɗaga wa keke hannu. Ya hana ta kai tsaye, ba zai iya ba, don Rakiya in ta yi fushi har tukunya sai ta yi fushi.

Sai dabara ta faɗo masa. Ya nufi garejin Ilu bakanike.

"Ilu, cire mini giyar ragwayen nan ka sa ta hannu."

Ilu ya goge hannu da tsumma. "Oga Tanimu, lafiyarta ƙalau fa. Kuma aikin babba ne. Giyabos, feda, fulawil, kuloci, duk sai an sayo."

"Ƙafata ta hagu ce ke ƙaiƙayi. Tunda na bar tirela ba ta samu aikin yi ba."

Suka tafi kasuwar Dilimi. Mai kaya ya dire musu faifan ƙarfe biyu masu haƙora a baki. Ilu ya ɗaga na farko da ƙyar.

"Wannan fulawil mai nauyi ne, irin na gida. Yana da haƙuri, ko ƙafa ta yi kuskure inji ba ya saurin mutuwa. Wancan mara nauyin na 'yan tsere ne. Da ka taɓa totur ya zabura, da ka yi sake ya mutu."

"Kuloci fa?"

"Akwai mai laushi, akwai mai tauri. Mai taurin ba ya lallashi, cafka yake yi gaba ɗaya."

Tanimu ya matso, ya rage murya. "Wanne ne mace... wato, wanne ne wanda bai ƙware ba ba zai iya da shi ba?"

"Mara nauyin da mai taurin in suka haɗu, ko ni sai na nutsu."

"Su nake so. A naɗe."

Ilu ya dube shi, ya dubi ƙarfen, ya ce to.

Ranar karɓar mota Tanimu ya gayyato Malam Sallau da wani abokinsu daga majalisa, su zo su ga tuƙin maza. Ya shiga ya zauna, ya leƙa ƙasa. Feda uku. A ransa ya ce, meye a ciki? Guda ɗaya ce ta ƙaru.

Ya murza makulli, mota tana cikin giya, bai taka komai ba. Ta yi tsalle kamar rago, gwaf, ta mutu. Hular Malam Sallau ta dawo kan hancinsa.

"Gaisawa muke yi," in ji Tanimu.

Ilu ya sunkuyo ta taga ya nuna masa fedar hagu da yatsa, a ɓoye. Tanimu ya taka, ya ji kamar yana tura garu. Allah ya taimake shi ƙofar gareji gangare ce, suka fita titi, jigib, jigib, kawunansu na gaisuwa ba su shirya ba. Giya kuwa in ya ja ta sai ka ji ƙarrr, kamar ana markaɗen tsakuwa.

"Haka sabon kuloci yake?" Malam Sallau ya tambaya, yana riƙe da kujera.

"Sai ya saba da ƙafar mai shi."

Suna tsakiyar hawan da ke kusa da kasuwa, jami'in da ke ba da hannu ya tsayar da su. Da ya ce su wuce, Tanimu ya saki kuloci. Gwaf. Ya kunna. Gwaf. Na baya suka fara hon. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya danne totur har ƙasa, inji ya yi kururuwa, wari ya tashi kamar an ƙona taya. Sai ya rikice, ya danne kuloci ya saki birki.

Mota ta kama hanya da baya, a hankali, cikin nutsuwar da ba ta yi ba duk ranar, har sai da ta sami kurar mai kabeji. Rim! Kabeji ya watse, ya nufi gangare a guje, mai shi na bin sa yana Allah ya isa.

Jama'a suka taru. Tanimu ya fito yana cewa man ne gurɓatacce. Yana cikin bayani wata keke ta tsaya, Rakiya ta sauko, daga gidan suna take, da robar waina a hannu.

Ta dubi mota, ta dubi mijinta. "Baban Nusaiba, riƙe mini wannan."

"Ke, giyar hannu ce. Ba wasan mata ba ne."

"Na gani. Ku shiga."

Ta cire takalmi, ta ja kujera gaba, ta ja birkin hannu. Malam Sallau ya yi maza ya koma gaba, Tanimu ya samu kansa a baya da waina a cinya. Ta kunna, ta ɗan ba ta wuta, ta saki birkin hannun. Mota ta hau sumul, ko tari ba ta yi ba.

"A ina kika..."

"Akori-kurar Baba mana. Da ita nake kwaso dankali daga gona tun ina budurwa, kulocinta ya fi wannan tauri. Ranar da ka ce za ka koya mini, na ga kana ta murna, shi ya sa na yi shiru." Ta sa giya ta biyu. "Allah ya saka da alheri, dama atomatik ɗin nan barci take sa ni."

A saman hawan jami'in ya ɗaga hannu, ya leƙo ya dubi Tanimu sama da ƙasa, sannan ya juya ga Rakiya.

"Hajiya, yau na yi miki uzuri. Amma in za ki koya wa dattijon nan mota, ki kai shi filin ƙwallo. Kuma ki liƙa masa alamar ɗan koyo, gaba da baya."