Kainuwar Manya da Salatin Baba Ari

Da hantsi jiya, rana ta fara cizo, na bi ta bakin tafkin unguwarmu sai santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin ruɓaɓɓiyar kainuwa. Ban yi fushi ba. Kayan furoje ne, aikin raya ƙasa na manya, ba kowa ke samun darajar zama a kansu ba.

Ga wanda bai sani ba, tafkin nan shi ke karɓar ruwan kwatamin unguwa da na majema, masu jiƙa fata da gishiri. Da shi kuma maƙwabcina Baba Ari yake ban ruwan lambunsa, abin da gidansa ke ci kenan. Kwanakin baya Ranka-ya-daɗe Mai Babbar Mota ya zo ya ce an kawo mana ciyawa mai shanye dauɗa, ruwa zai koma kamar hawaye. Muka yi tafi. Baba Ari ya je ya shuka ɗan irin salatin da ya rage masa.

Ashe baiwar Allah kainuwa ba ta shiri da gishiri. Kafin sati ta yi ja, ta kwanta. Ni ban yi karatun lakwal mai nisa ba, amma na yaba da dabarar manya: duk ranar da baƙi za su zo, kamiyon ɗaukar kaya ya iso da sabuwa, a zuba, a ɗau hoto tun tana kore. Sau uku ke nan ana buɗe tafki ɗaya.

Na ce, "Baba, wai an gwada ta kafin a kawo?"

Ya ce, "An gwada mana, ɗana. A otel, cikin ruwan famfo."

"To, salatin fa?"

Ya nuna mini fangalinsa. Ƙasa ta yi fari, ganye ya lanƙwashe. "In bai sha ruwan kirki yau ba, sai dai awaki," in ji shi. Awakin kuwa su ne suka ci moriyar furoje, tunda ga ganye ga gishirinsa a haɗe.

Da ya tafi azahar na ɗauko bido biyu na ruwan famfo, na wankana, da na sha layi kafin in samu, na juye wa fangalin, na koma gida.

Yau da safe ya leƙo yana murmushi. "Ɗan'azumi, salati ya miƙe. Ka ga aikin Ranka-ya-daɗe ya fara ci."

Na ce Allah ya ƙara masa girma. Wankana dai sai gobe.