Mahaifin Manzo Ya Ƙi Amsa Kira

Jama'a, jiya tun hantsi aka raba mu da gonakinmu ana tsakiyar yankan hatsi, aka jera mu gaban rumfar kasuwar Dancawo, wai ranar ƙidaya ce. Mai girma Sarkin Alƙalami, Allah ya ƙara masa inuwa, ya iso bayan azahar da kujerarsa da tafintansa. Ya ce manya sun gano ƙidayar baya cike take da kuskure, don haka bana an kawo gyara: kowa ya amsa da bakinsa, ba mai amsa wa wani.

Muka yaba. Wa zai ƙi gyara?

Aka buɗe littafi, aka kira Illa, mahaifin maƙwabcina Manzo. Shiru. Manzo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba ya rasu shekara uku ke nan."

"Kai ne Illa?" in ji tafinta.

"A'a, ɗansa ne."

"To wa ya tambaye ka? Ya zo ya faɗa da kansa."

Na sa baki na ce da hannuna na zuba masa ƙasa. Aka tambayi sunana, aka ce ba a zo kaina ba tukuna. Nan take aka rubuta Illa na nan da ransa, taurin kai ne kawai, kuma yana cikin masu aikin hanyar Magarya kwana goma. In bai fito ba, gidansa ya fitar da wani. Manzo ya waiga bayansa. Namiji a gidan shi kaɗai ne, ga hatsi kwance a gona.

Sai aka kira matar Manzo, Hinda, mutuniyar Bande. "Matar wa ce ke?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai gidan nan."

"Sunansa!"

Ku da kuka san tarbiyya, ina macen da za ta kama sunan mijin farinta tsakar kasuwa? Ta ja mayafi ta rufe baki. Manzo ya ɗaga hannu, gardin da ke tsaron rumfar ya sauke masa shi. Aka rubuta ba ta da miji.

A hanyar gida na ce, "Maƙwabci, yau ka sami uba ka rasa mata."

Ya ce, "Bar ni, Rabe. Ni abin da ke cina, Baba da ransa bai taɓa sa ni aikin da ya kai wannan ba."

Da safen nan ya saɓi magirbi ya kama hanyar Magarya. Hinda ta ɗura masa fura a gora, mu kuma mun yi gayya mun shiga gonarsa.

Kada dai a ce ban yaba ba. Tun da aka kawo gyaran nan, ko mutum ɗaya bai sake mutuwa a garinmu ba.