Ranar da na kwantar da biro a kan ƙarangiya

Wani gajeren horo na halarta kan yadda zama cikin itatuwa ke sauke gajiyar zuciya, na dawo biro, wato ofishinmu, ina jin kaina likita. Na yi ta damun abokan aiki har suka yarda mu fita ranar Asabar, bayan damina, wani kurmi can gaba da Lamorde.

Na tsayar da su ƙarƙashin bishiyoyi, na sassauta murya, na ce kowa ya tuɓe takalmi, ya rufe ido, ya kwanta a ciyawa. Shef ɗinmu, wato shugabar biro, Hajiya Rabi, mutuniyar Maradi, ta ce, "Ƙanena, ka duba ciyawar nan kuwa?"

Na ce, "Hajiya, tsoron ƙasa shi ne ciwon da muka zo warkarwa."

Ni ɗan birni ne, haifaffen unguwar Yantala, ban taɓa noma ko tukunyar fure ba. Ashe ƙarangiya ce shimfiɗe, ta bushe ƙayau. Don in nuna misali na fara zubewa rigingine, sauran suka biyo ni saboda kara.

Ban taɓa jin manya sun yi salati tare haka ba. Hajiya ta tashi da sabuwar shaddarta kamar bushiya. A tsaye muka dawo cikin mota, don babu mai iya zama.

Har yau idan na ce na gaji, sai Hajiya ta leƙo ta ce, "Dokta Ƙarangiya, a shimfiɗa maka?"