Rabon Kuluwa: Garka da Nomau

Da Malam Buhari ya rasu aka raba gado, Kuluwa ta rasa abu biyu, ta samu biyu. Ta rasa miji, ta rasa rijiyar gida, don ta faɗa ɓangaren wan mamacin, shi kuwa ya ja katanga. Ta samu garkar magani da ke bayan ɗaki, mai zogale da shuwaka da ɗoɗɗoya da gwanda da lemun tsami. Ta kuma samu Nomau, ƙanen mijin, ƙato ɗan shekara arba'in, wanda ba a yi gardama a kansa ba wurin rabo. Nomau ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi, kuma bai san inda ake tsayawa ba.

Da ganyen nan Kuluwa ke ci. Amma rani ya shigo, ruwa sai an je rafi, garka ta fara yaushi. Alhaji Ɗantsoho mai buga bulo ya ƙyalla ido a kan filin. Duk Juma'a sai ya leƙo, hanci a toshe da murar da ta ƙi sakinsa, ya ce, "Iya, ki sayar tun ba ta bushe ba." Ita kuwa ta ce, "Ran da zan sayar, bakina zai yanka, ba naka ba."

Wata rana ta tsinke zogale ta zuba a faifai. "Nomau, shanya a inuwa. Kada rana ta taɓa shi." Ya ajiye a gindin katanga. Inuwa ta matsa, ya matsa. Da rana ta take, inuwar ta ƙare, sai ya ruga ya cusa faifan ƙarƙashin amalanken shanu da ke tsaye a ƙofar gida. Mai amalanke ya kaɗa shanunsa, Nomau ya bi a duƙe. Sai la'asar ya dawo daga kasuwar wani ƙauye, gwiwa duk ta sale. "Yaya, rana ba ta taɓa shi ba." Ta duba faifai. Babu ko ganye ɗaya, iska ta kwashe. "Gaskiyarka," ta ce, "ba ta taɓa shi ba."

Wata rana ta ba shi fartanya. "Duk abin da ba ni na shuka ba, ka cire." Ya share ciyawa tas. Ya ɗaga kai, ya hangi kuɓewar maƙwabcinsu Jatau, ya tuna ba Yaya ta shuka ba. Ya tsallaka. Jatau ya zo yana kumfar baki, ya ce sai an biya shi da akuya. Kuluwa ta gyara ɗaurin zane. "Akuya? Kuɓewar da tsutsa ta riga Nomau? Matarka na jego. Ga shuwaka ɗauri biyu, a yi mata miya." Suka ja har azahar. A ɗauri uku aka rabu, na ukun ma ƙarami.

Wata rana aka kira ta karɓar haihuwa, ta bar tukunyar sirace a wuta: ganyen dogon yaro, na gwanda, da lemun tsami. Ta ce, "Nomau, ba mai shigowa garkar nan sai mai ciwo. Duk wanda ya zo, ka zaunar da shi, ka rufa masa bargo a kan tukunya. Ko ya yi ihu kada ka buɗe, sai ya jiƙe da gumi."

Ba ta daɗe da fita ba Alhaji ya shigo da igiyar awo, don ya ji ba ta nan. Nomau ya sauke tukunya, ya kama hannunsa.

"Kai, ni awo na zo!"

"Zauna, Alhaji."

"Sake ni, ɗan banza!"

"Yaya ta ce za ka yi ihu."

Ya danne shi a kan turmi, da hula da babbar riga, ya kifa bargo, ya riƙe gefe da hannu biyu.

Kuluwa ta dawo ta tarar da Alhaji sharkaf, yana rantsuwa sai mai unguwa ya ji. Ta san wannan karon ba maganar shuwaka ba ce. Yana cikin faɗa sai ya tsaya. Ya ja numfashi ta hanci. Ya sake ja.

"Ƙamshin mene ne wannan?"

"Ɗoɗɗoya ce. Kana tsaye a kanta."

Ya ɗage ƙafa. Wata biyu rabonsa da jin ƙamshin komai. Ya ce, "Sau nawa ake yi?"

"Kwana uku. In ka buga bulo a nan, sai ka dafa bulon ka shaƙa."

Alhaji ya dubi ganyen, ya dubi ƙarshen filin, can wajen hanya inda ba abin da ke fitowa sai ƙaya. Ya ce a sayar masa da can kawai. Ya taya da kuɗi, ta ƙi. Ya ƙara da buhun gero, ta tambaye shi ko zogale na shan gero.

"To, Iya, yanka."

"Rijiya, a nan gindin lemun tsamina. Haƙa naka, guga naka, igiya taka. Ka sha siracenka kyauta, amma Nomau ne zai riƙe bargo."