Rasuwar Kwamfutata, Mai Hatimin Tsibirinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jariri a cinya, ni Nei Teretia, mai rubuta haihuwa a tsibirinmu, nake sanar da rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata bayan jinyar kwana tara.

Kafin in manta, na haihu. Namiji, Kaiea, gashi kamar na ubansa, tsotso kuwa ba a magana.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, amma a cikinta hatimi yake, abin nan da ba a gani, wanda in ta nuna wa babbar na'urar Tarawa, babban birnin ƙasarmu, sai a buɗe mata ƙofar rajistar haihuwa. Duk tsibirin ita kaɗai ke da shi, kuma ba ya kwafuwa. Da shi na shigar da 'ya'yan mutane sun fi sittin. Da safe takan yi tari sau biyu, ta ce "ting", sai aiki.

Ashe hatimin na da wa'adi, kuma da shi kansa ake sabunta shi tun bai ƙare ba. Makon sabuntawar ina jego, kwance kusa da wuta, surukata na shafe ni da man kwakwa, ta hana ni ko leƙa ofis. Ran da na fito da sunan ɗana a baki, na buɗe burauza, sai jan rubutu, wai ba a san mu ba. Na share tarihi, na kashe, na kunna. Na mayar da agogonta baya mako biyu. Ita ta yarda, baiwar Allah, ta Tarawa ce ta ƙi. Na ari wayar nas, ba hatimi. Sai na ce ko sabis ne, na ɗauke ta zuwa katangar bakin teku inda muke tsayawa kiran mazajenmu a waya. Igiyar ruwa ɗaya tak ta fantsamo mata. Ta ce "tsss", ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar caja, da linzami, da firintar da ba su taɓa jituwa ba, da Kaiea, wanda a takarda ba a haife shi ba tukuna. Ubansa Tabwai yana New Zealand, an ba shi izinin ɗaukar mu, amma sai takardar yaro ta isa kafin wata ya mutu. Sabon hatimi da sabuwar na'ura hannu da hannu ake bayarwa, ma'aikacin da ke kawo su daga Tarawa sai ta jirgin ruwa, jirgin kuma sai ran da aka gan shi. Ni dai ba inda zan je in bar ɗana.

Za a yi zaman makoki ran Asabar a maneaba, zauren taronmu. An naɗe ta a sabuwar tabarma, amma binnewa sai ma'aikacin ya ga gawa da idonsa. A zo da kifi, a zo a ga yaro, har ya fara murmushi. Masu zama ta gefen teku su bar ido a ruwa. Wanda ya hango jirgi, kada ya jira a ce amin.