Shekarar da Gyara Ya Ƙare wa Kyaftin Baɗi

A duk tashar jiragen ruwanmu, daga gadar katako ta farko har zuwa inda ake shan mai, babu matuƙi kamar Yallaɓai Ottmar Kessenich. Daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba, saboda haka babu wurin musu.

Bajamushe ne, mutumin Paderborn, garin da in kana son ganin teku sai ka kunna talabijin. Shekara talatin da biyu ya yi yana sayar da bahon wanka da kan famfo, don haka ba mai cewa bai san ruwa ba. Ya san mai zafi, ya san mai sanyi. Da ya yi ritaya sai ya ga asara ce a bar wannan ilimi a banɗaki. Ya sayi jirgi mai tafiya da iska, fari sol, ya raɗa masa suna Sturmvogel, wato tsuntsun guguwa. Ya tsallako iyaka ya kawo mana shi nan Friesland, tafiyar awa huɗu a mota daga gidansa. Ya ce ruwan Jamus ya yi masa kaɗan.

Shekarar jirgi ba ta da wuyar lissafi. A watan Oktoba injin ɗagawa ya ciro shi, a ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe, a lulluɓe da tamfol kafin ƙanƙara ta kama ruwa. Afrilu na yi a yaye, a kankare gansakuka da ƙananan katantanwa da suka manne a gindi, a shafa sabon fenti, a canja baƙin mai, a mai da shi ruwa. Talakawan matuƙa irinmu mako biyu ya ishe mu, sai mu kama gabanmu. Yallaɓai ba talaka ba ne.

Ranar farko ta Afrilu yakan iso cikin farin wando mai karin guga da hula mai tambarin zinariya. Ya zaga jirgin sau uku, hannu a baya, sannan ya tsaya inda kowa zai ji shi.

"Jama'a, teku ba ta yafe ganganci! Ƙusa ɗaya in ta yi tsatsa, ran mutum shida ne. Ni da na ga igiyar ruwa ta kai tsayin coci a gaɓar Norway, ni zan gaya muku. Jirgi a tudu ake cetonsa, a tudu!"

Yana wannan wa'azi, matarsa Irmgard tana kwance rigingine a ƙarƙashin jirgin cikin tsohuwar rigar aiki, samfefa a hannu, ƙurar shuɗin fenti ta rine mata gira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lokaci lokaci yakan sunkuya kaɗan, daidai yadda wandon ba zai taɓa ƙasa ba.

"Irmgard, daga hagu zuwa dama! Sau nawa zan faɗa?"

"To, Maigida."

Idan aiki ya kammala, jirgi ya shiga ruwa, a nan gwanintar Yallaɓai take fitowa fili. Allah ya ba shi ido mai ganin aibin da ba ya nan. Wata shekara ya ce doguwar sandar tsakiya, wadda ake ɗaura wa ƙyallen kama iska, ta karkace da faɗin gashi ɗaya. Wata shekara ya kara kunne a jikin inji ya ce yana jin wani tari can ciki, irin wanda ƙwararru kaɗai ke ji. Akwai shekarar da ya gano fentin gindin bai dace da gishirin bana ba, alhali tafkinmu ko ɗigon gishiri babu. Kowane aibi sai an yi odar kayansa daga nesa, kuma kafin su iso Oktoba ta yi.

"Bana dai ta wuce," yakan ce, yana girgiza kai cikin takaici. "Amma baɗi, sai Norway."

Da haka ya sami sarautarsa. Daga mai tuƙa injin ɗagawa har matar da ke soya kifi a bakin tasha, kowa Kyaftin Baɗi yake kiransa. Shekara goma sha ɗaya tsuntsun guguwa yana ɗaure da igiya huɗu a gada ta uku, Kyaftin yana zaune a bayansa yana cin burodi da cuku, yana sa Irmgard ta ɗauke shi hoto ta kusurwar da gadar ba za ta fito ba.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ko agwagwa ta wuce da sauri ta kaɗa ruwa, sai ka ga fuskar Kyaftin ta koma kalar ɗanyen kabeji, ya tuna yana da muhimmin kira da zai amsa a mota. Mun sani, mun yi shiru. Mutum da jirginsa.

Sai dai hotunan nan sun yi aiki fiye da kima. A garinsu akwai wata ƙungiyar masu sha'awar jiragen ruwa, masu wasa da ƙananan kwale-kwale a wani kududdufi. Duk lokacin sanyi Kyaftin yana ba su labarin guguwar da ya keta da duwatsun da ya kauce wa da ido rufe. Da shugabansu ya tsufa, sai ya tsaya takarar kujerar. Dattawan ƙungiya suka ce madalla, wa ya fi shi cancanta? Har ma uku daga cikinsu za su zo ranar sa jirgi a ruwa, ya tsallaka da su tafkin zuwa garin Enkhuizen, su gani da idonsu kafin zaɓe. Baki shi ke yanka wuya. A gaban taro aka faɗa, a gaban taro ya buga ƙirji.

Bai damu sosai ba, don ya amince da idonsa. Aibi bai taɓa ba shi kunya ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne Hiske Boomsma, mai filin gyaran jirage. Tsohuwa ce mai hannu kamar na maƙeri, wadda maganarta a yini ba ta cika cokali. A watan Maris Irmgard ta zo ita kaɗai, wai za ta shanya katifun jirgi kada su yi fumfuna. Mako uku ta yi. Ita da Hiske suka bi jirgin daga hanci zuwa wutsiya, duk abin da Kyaftin ya taɓa kuka da shi cikin shekara goma sha ɗaya suka kwance, suka gyara, suka ɗaure.

Kyaftin ya iso ya tarar da jirgi yana ƙyalli. Ya zaga sau uku. Ya ƙara uku. Ya ɗauko ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa jikin jirgin taku bayan taku, yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya sa ma'auni a sandar tsakiya, ta tsaya cak. Ya tayar da inji, inji ya yi ta gurnani lafiya lau kamar kyanwa ta ƙoshi. Kwana huɗu yana farauta, ko ɓera bai kama ba. Wa'azin ma ya ragu.

Ana gobe baƙi za su zo, da hantsi, ya lallaɓa rumfar Hiske. Ya tarar tana shafa wa wani ƙarfe giris. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Uwargida Boomsma, magana ce tsakanin ƙwararre da ƙwararriya. Ba ki ganin akwai wani ɗan abu a jirgin nan? Ko ƙarami ne. Wanda zai sa mai hankali ya ce a dakata."

Hiske ta goge hannu a tsumma, ta dube shi ta saman tabarau.

"Yallaɓai, shekara arba'in ana roƙona in ɓoye aibin jirgi. Yau ne aka fara roƙona in ƙirƙiro."

"Ba ki fahimce ni ba. Rayukan mutane..."

"Jirginka lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni, ya fi ka. Gobe ƙarfe tara zan sa shi a ruwa."

Ƙarfe tara kuwa injin ɗagawa ya sauke Sturmvogel a ruwa. Rana ta fito, iska tana kaɗawa daidai yadda matuƙi ke roƙo. Baƙi uku suka iso da kwandon tsiran nama da giya, jagoransu Dakta Brinkmeyer, tsohon likitan dabbobi mai nauyin kunne, wanda duk maganarsa ihu ce. Mu ma duk muka ajiye buroshin fenti muka matso. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kyaftin ya hau gada ya yi jawabi na minti ashirin a kan iska da taurari da nauyin da ke wuyan shugaba. Sannan ya ce doka ce, kyaftin ya yi duban ƙarshe shi kaɗai. Ya shige cikin jirgi ya ja ƙofa. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu a harkar famfo, in bai iya ɗaure tiyo ba ai ya iya kwance shi. Bayan minti biyar ya fito da gudu, ƙafar wando a jiƙe, fuska cike da baƙin ciki mai kama da murna.

"Ruwa! Ruwa yana shiga! Kun gani? Da ba don idona ba, da yau kifi ya ci mu. Jama'a, ku yi haƙuri, bana..."

Irmgard ta ratsa ta gefensa. Ta sauka ciki. Muka ji ƙarar ƙarfe sau biyu, muka ji famfon kwashe ruwa ya yi ɗan zuƙe-zuƙe ya yi shiru. Ta fito tana riƙe da wani abu mai jan mariƙi.

"Tiyon banɗaki ne ya kwance, na ɗaure. Maigida, ga sukudirebanka, a wurin ka manta shi."

"Me ta ce?" in ji Dakta Brinkmeyer da ƙarfi.

"Ta ce a kwance igiya!" Hiske ta amsa masa daga kan gada, ta kuwa kwance.

Haka tsuntsun guguwa ya bar gada ta uku da Kyaftin a kansa, karo na farko a tarihi. A yi masa adalci, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga haɓa. Ya wuce gada ta biyu. Ya wuce ta farko. A bakin mashiga, inda ruwan tafki ke fara ɗan rawa, jirgin ya ɗaga hanci sau ɗaya ya sauke. Kyaftin ya buɗe baki zai ba da umarni, sai karin kumallonsa ya riga umarnin fitowa. Ya saki sitiyari ya rungume ƙarfen gefe. Jirgi ya juya kai ya nufi katangar dutse, baƙi suka fara kiran sunayen matansu.

Irmgard ta taka ta kama sitiyarin da hannu ɗaya. Ta kauce wa katangar kamar mai kauce wa kujera a falonta, ta kawo jirgin gadar shan mai a hankali, ko ƙwai aka sa tsakani ba zai fashe ba. Mutum biyu suka tallabo Kyaftin suka ajiye a kan katako. Yana kwance, ya buɗe ido ɗaya.

"Ke... yaushe kika iya?"

"Shekara tara ke nan. Duk ranar da ka koma gida neman kayan gyara, ni da Hiske mukan fita. Har takardar tuƙi na samu."

"Ba ki taɓa gaya mini ba!"

"Na gaya maka, Maigida. Kana magana ne a lokacin."

Ta dubi baƙin ta ce wanda ke son ganin Enkhuizen ya zauna, wanda ba ya so ga gada. Ba wanda ya motsa. Ta sa likitan dabbobi ya ja igiya, farin ƙyalle ya hau sama ya cika da iska, jirgin ya kwanta kaɗan a gefe ya yanki ruwa. Muka tsaya muna kallo har ya zama ɗigo. Wallahi jirgi ne mai kyau, ashe.

Kyaftin ya dawo a ƙasa, tafiyar mita ɗari uku, yana dafa turakun fitila. Kafin ya iso wurinmu launinsa ya dawo, muryarsa ma haka.

"Da gangan na sauka," ya ce mana. "Ƙwararre daga tudu yake duba yadda jirgi ke tafiya. Kuma na lura sandar nan har yanzu..."

Hiske ta tayar da injin wanke jirage, ƙararsa ta haɗiye sauran.

Ƙarshen labarin a bakin Irmgard muka ji, da ta zo cire jirgi a Oktoba, fatarta ta yi duhu da rana, don har Denmark ta kai a bazarar. Ta zo ita kaɗai. Zaɓe dai an yi shi, Dakta Brinkmeyer ya miƙe ya yi ihun sunanta, hannaye suka tashi, ita ta ci kujerar. A dokokin ƙungiyar kuwa akwai wani sashe da Yallaɓai ya rubuta da hannunsa tun yana hangen kujerar, wanda ya ce duk ranar taro, abokin auren shugaba shi zai gasa kek ya raba wa mutane kofi. Ya nemi a gyara sashen, aka ce masa doka ce mai kyau, babu aibi a cikinta.

Muka tambaye ta ko yana iyawa.

"Kek ɗin ba laifi," in ji ta. "Kofin ne dai sai rabi rabi yake zubawa. In ya cika ya fara tangal-tangal a faranti, sai an ba shi kujera."